Kafin ki ce jaririnki ba ya bacci, rubuta baccinsa na kwana 10

Lokacin da ɗiyata ta biyu ta kai wata 5 na kai ta wajen likitan yara, ba zazzaɓi take ba, ba gudawa ba, ni dai abin da na faɗa masa shi ne yarinyar nan ba ta bacci, kwana muke yi ido biyu. Sai ya tambaye ni, a cikin awa 24 awa nawa take yi? Na yi shiru. Ya ce to jiya da dare sau nawa ta farka kuma ƙarfe nawa-nawa? Na ce sau da yawa dai, wallahi har na daina ƙirgawa. Ya ce baccin rana fa, na ƙarshe ƙarfe nawa ta tashi? Nan ma ba ni da amsa. Ya duba kunnenta da ƙirjinta, ya ɗora ta a ma'auni, lafiyarta lau, sai ya ce je ki samu littafi da biro ki rubuta min duk baccinta na kwana 10 sannan ki dawo mu yi magana.

Gaskiya raina bai so ba a ranar, don ni magani na je nema. Amma abin da littafin nan ya nuna min shi ya sa nake wannan rubutun, saboda na fahimci mai shayarwar da ta yi watanni ba ta samu baccin kirki ba ƙwaƙwalwarta ba ta riƙe lissafi daidai. Dare ɗaya mai wahala zai iya danne darare huɗu masu sauƙi a tunaninki, farkawar minti 10 da ƙarfe 3 na dare sai ki ji kamar awa guda kuka yi, wani lokacin ma ki tashi ki ba shi nono ki koma ki kwanta gari ya waye ba ki tuna kin tashi ba. Masu bincike da suka ɗaura wa jarirai 'yar na'urar auna motsi a ƙafa suka gwada da abin da iyaye ke faɗa, irin su Avi Sadeh da ya daɗe yana wannan aikin, sun ga jarirai na farkawa fiye da yadda iyayensu suka sani, wasu farkawar ba a ma ji ba don yaron ya koma da kansa. Kenan abin da muke tunawa daban, abin da ya faru daban, kuma ba ki iya gyara abin da ba ki gan shi sosai ba.

Kafin mu zo kan yadda ake rubutun, dole sai an ɗan fahimci me ke sa mutum bacci tukun, in ba haka ba za ki cika shafi da lambobi ki rasa me suke nufi.

Abu biyu ne ke jan ragamar bacci, kuma wani masani a Zurik ta ƙasar Suwizalan mai suna Alexander Borbély ne ya tsara bayanin a 1982. Na farko nauyin bacci ne da ke taruwa muddin ido na buɗe, akwai wani sinadari adenosin da ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwa, in an yi bacci ya ragu. Na biyu agogon jiki ne wanda ke gane dare da rana, haske ne ke saita shi, in duhu ya yi jiki ya fara sakin melatonin, sinadarin da ke sa jin bacci. Mu manya waɗannan biyun suna tafiya tare ne, shi ya sa muke iya yini ido biyu mu kwana muna bacci. Shi jariri sabon haihuwa nauyin baccinsa da wuri yake cika, minti 45 zuwa awa ɗaya ya gaji, sannan agogon jikinsa bai fara aiki ba tukun, sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara sakin melatonin a kan tsari na dare da rana. To kinga jaririn sati 3 da ke kwasar bacci da rana ya buɗe ido tar da tsakar dare ba rigima yake ba, ba kuma ke kika ɓata shi ba, bai san akwai wani abu wai shi dare ba. Ga shi cikinsa ƙarami ne, sau 8 zuwa 12 yake buƙatar shan nono a awa 24.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma abin sha'awa ta hanyar irin wannan rubutun aka gano shi. A 1953 Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago da abokin aikinsa Theodore Engelmann sun bi baccin jarirai tun daga makonnin farko har wajen wata 6, aka zana kowace rana a layi ɗaya, inda yaro ke bacci a yi baƙi inda yake farke a bar shi fari. A farkon takardar baƙin a warwatse yake kamar an watsa tsaba, ana sauka ƙasa sai ki ga yana haɗuwa a hankali a ɓangaren dare. Irin wannan hoton ne za ki gani a littafinki in kin daure, kuma ganinsa kaɗai yana kwantar da hankali, don za ki ga abin yana tafiya ko da ke ba ki ji a jikinki ba.

Sai abu na uku, kuma shi ne a ganina ya fi rikita iyaye. Bacci zagaye-zagaye ne, ana shiga mai nauyi a fito mara nauyi a ɗan farka kaɗan a koma. Zagayen babba kusan minti 90 ne, na jariri kuwa minti 50 zuwa 60. Kuma kusan rabin baccin sabon jariri irin baccin nan ne mai motsi, wanda ido ke yawo a ƙarƙashin fata, a wajen babba bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. A cikin wannan baccin yaro zai yi mutsu-mutsu, ya yamutsa fuska, ya yi murmushi, ya yi gurnani, ya ɗan yi ƙara kamar zai fara kuka, numfashinsa ya yi sauri ya yi sannu, har ido yana iya buɗewa rabi, alhali bacci yake. Ni da kaina sau nawa na zabura na ɗauki ɗiyata a wannan yanayin ina cewa ta farka, ashe ni ce nake tashinta. Sai da na fara rubutu, da yake dole na duba agogo kafin na ɗauke ta, wannan 'yar jinkirin ta minti ɗaya ko biyu sai na ga sau da yawa ta yi lamo ta ci gaba da baccinta.

A wajen wata 3 zuwa 4 tsarin baccin yana canzawa ya fara kama da na manya, matakai-matakai, kuma farkawar da ke tsakanin zagaye da zagaye ta fi fitowa fili. Shi ya sa za ki ji uwa na cewa yaro da yana bacci lafiya, yana shiga wata 4 komai ya lalace. Bai lalace ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta girma. Abin da ke faruwa a wannan farkawar shi ne yaro yana duba ko komai na nan yadda ya bar shi lokacin da bacci ya ɗauke shi. Duk wanda ya taɓa yin bacci a mota ya san wannan, muddin tana tafiya kana bacci, tana tsayawa ka buɗe ido. In da nono a baki bacci ya ɗauke shi, ko ana jijjiga shi a kafaɗa, ya ɗan farka ya ji babu nono babu jijjiga, to zai nema, kuma kuka ne kaɗai hanyar nemansa.

Yanzu rubutun. Ba wani abu mai wahala ba ne kuma kar ki mayar da shi jarrabawa. Lokacin da bacci ya ɗauke shi, lokacin da ya farka, yadda baccin ya ɗauke shi (a nono, a fida, a hannu, ko a shimfiɗarsa shi kaɗai), inda ya yi baccin, da lokacin shan nono, shikenan. A gefe ki bar ɗan wuri na duk abin da ya bambanta a ranar, an yi masa rigakafi, an yi baƙi, kun yi tafiya, hancinsa ya toshe, ko ke kin sha kofi da yawa, tunda kafeyin yana ɗan shiga nono kuma ƙananan jarirai suna daɗewa kafin jikinsu ya fitar da shi. Ba sai kin rubuta 2:17 ba, 2:15 ya isa. In kin fi son zane, ki ja layi ki raba shi gida 24 kowace rana, ki dinga cike gidajen bacci da biro. Da dare in kin kasa rubutu ki ja 'yar alama kawai da lokaci, da safe ki cike sauran. Kwana 2 ko 3 ba ya nuna komai, jarirai ba sa maimaita rana iri ɗaya, sai an kai kwana 7 zuwa 10 kafin tsarin ya fito.

Akwai manhajoji a waya da ke yin wannan aikin kuma suna haɗa lissafi da kansu, wanda ya ji daɗinsu ba laifi. Ni dai takarda na fi so saboda dalili biyu, ɗaya hasken waya da tsakar dare yana kore miki naki baccin kuma kina buɗe ta kin faɗa duba saƙonni, biyu wasu manhajojin suna miki hasashen wai ƙarfe kaza ya kamata yaro ya yi bacci, sai ki koma kallon waya ki daina kallon yaron da ke hamma yana murza ido a gabanki.

Ga kaɗan daga abin da ke shafi na huɗu a littafina, har yanzu yana nan. Ta tashi 7:30 na safe. Bacci 9:45 zuwa 10:30 a hannu. Bacci 1:00 zuwa 1:40 a nono. Bacci 4:30 zuwa 6:45 a kafaɗar babanta. Na kwantar da ita 8:00, rigima har 9:30, ta yi bacci a nono. Ta farka 10:15, 12:00, 1:45, sai 3:00 ta tashi tana wasa da ƙafarta har 4:10. A ranar ban ga komai a ciki ba sai wahala. Da na jera kwana 10 gefe da gefe sai abin ya fito ɓaro-ɓaro, duk ranar da baccin yamma ya wuce ƙarfe 6 to daren akwai rigimar kwanciya kuma akwai wannan zaman na ƙarfe 3, ranakun da ta tashi daga baccin yamma kafin 5:30 kuwa babu shi. Kuma da na haɗa jimilla sai na ga kusan awa 13 take yi a rana. Yarinyar da na rantse ba ta bacci.

Wannan jimillar ita ce abu na farko da za ki duba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce daga haihuwa zuwa wata 3 awa 14 zuwa 17 ne, wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, duk har da baccin rana a ciki. Ki lura da faɗin tazarar, tsakanin 12 da 16 awa 4 ce cur, kenan yara biyu 'yan wata 6 dukansu lafiyayyu ɗaya zai iya fin ɗaya bacci da awa 4. In naki na cikin masu ƙarancin buƙata ne kina ta ƙoƙarin sa shi ya yi awa 3 da rana da awa 12 da dare don haka ɗan ƙawarki ke yi, to kina neman baccin da babu shi ne, kuma da tsakar dare za ki biya. A iya abin da na gani yawancin abin da muke kira rashin bacci daga nan yake, baccin ya isa, rabonsa tsakanin dare da rana ne bai yi mana daidai ba.

Bayan jimilla sai ki duba bacci mafi tsawo da yake yi a jere da kuma inda ya faɗo. Yawanci a farkon dare yake don a nan nauyin bacci ya fi yawa, bayan tsakar dare baccin ya fi sauƙi shi ya sa farkawa ta fi yawa gab da asuba. In kin ga mafi tsawon baccinsa da rana yake, to agogon jikinsa ne bai saitu ba, maganinsa haske ne, da safe a buɗe labule a fito da shi inda yake da haske, a yi hira da hayaniyar gida yadda aka saba, da dare kuma a rage fitila a rage magana, a ba shi nono a canza famfas in ya zama dole a mayar da shi ba wasa. Tashi da safe a kusan lokaci ɗaya kullum yana taimakawa fiye da yadda mutane ke zato, don daga nan sauran yinin ke ginuwa.

Sai tazarar da ke tsakanin baccin rana na ƙarshe da kwanciyar dare, nan ne ni tawa matsalar take. In ta yi kaɗan yaro bai gaji ba, zai yi ta juyi yana rigima ko ya yi bacci kaɗan ya tashi garau kamar baccin rana ya yi, ko ya zauna miki da ƙarfe 3 yana gwaranci cikin nishaɗi. In ta yi yawa kuma ya wuce gajiya, zai yi ta banƙarewa yana kuka mai zafi ya ƙi nono ya ƙi kwanciya. Wahalar ita ce daga waje duka biyun rigima ce, a tsaye da yaro a hannu ba ki iya bambancewa, littafi ne zai gaya miki awa ɗaya da rabi ya yi a farke ko awa huɗu. Akwai jadawali da yawa a intanet na awa nawa ya kamata yaro ya yi ido biyu a kowane wata, ɗan wata 6 misali ana cewa awa 2 zuwa 3, ki ɗauke su a matsayin wurin farawa kawai, lambar da ta fito daga littafinki ta fi su gaskiya a kan yaronki.

In kuwa kin ga farkawar tana zuwa a jere kamar an saita, kowane minti 50 ko awa ɗaya ko biyu, kuma duk sanda ya farka abin da ya sa shi bacci da farko shi yake nema, ya tsotsa sau uku ya koma, to maganar motar nan ce. A nan ina so na yi magana a hankali, saboda ana yawan ɗora wa uwa laifi a kan wannan. Yaro ya yi bacci a nono ba laifi ba ne, haka aka halicce su, nonon dare ma yana ɗauke da melatonin fiye da na rana. In ke bai dame ki ba, kina iya ba shi ki koma bacci nan take, babu abin da ke buƙatar gyara. In kuma ya kai ki ga kin fara gyangyaɗi da yaro a hannu, kina kuka ba dalili, kina kasa aikinki, to kina da haƙƙin canzawa. Hanyar da ta yi min aiki a hankali ce, na matsar da nono zuwa farkon shirin kwanciya, sai wanka ko goge jiki, kayan bacci, 'yar waƙa iri ɗaya kullum, na kwantar da ita tana lumshe ido ba ta gama bacci ba, hannuna a ƙirjinta, in ta yi kuka na ɗauka na rarrasa na sake kwantarwa. Daren farko sau 6 na ɗauka, na rubuta, dare na biyar sau 2. Akwai masu bin hanyar barin yaro ya ɗan yi kuka ana leƙawa lokaci-lokaci, wannan shawara ce ta kowane gida, amma ba a yin ta ga jaririn da bai kai wata 4 zuwa 6 ba, ko mara lafiya, ko wanda nauyinsa ba ya ƙaruwa yadda ya kamata.

Kuma duk abin da za ki canza, abu ɗaya za ki canza ki ba shi kwana 4 ko 5 kina rubutawa. In kika rage baccin yamma kika canza lokacin kwanciya kika cire nonon dare duk a rana ɗaya, ko ya gyaru ko ya ƙara lalacewa ba za ki san wanne ne sila ba.

Akwai kuma abin da littafi zai nuna miki wanda babu gyaran da za a yi masa sai haƙuri. Kukan yamma na ƙananan jarirai yana kai ƙololuwa a wajen sati 6 ya fara raguwa zuwa wata 3 ko 4. A wata 8 zuwa 10 yaro ya fara gane in kin fita kina wani wuri ne, sai ya dinga farkawa yana nemanki. Lokacin koyon juyawa, zama, rarrafe da tsayuwa ma bacci yana hargitsewa na 'yan kwanaki. Haƙori kuma ana ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa, fitarsa na iya dagula dare biyu ko uku, amma in littafi ya nuna sati 6 ana abu ɗaya to a nemi dalili a wani wurin.

Maganar "ya fara kwana yana bacci" ma ya kamata a warware ta, don tana sa iyaye da yawa jin sun gaza. Wani tsohon bincike da Moore da Ucko suka yi a Landan a 1957 ya ce kusan kashi 70 na jarirai suna kwana bacci a wata 3, amma abin da suke nufi da kwana shi ne daga 12 na dare zuwa 5 na asuba, awa 5 kacal. A 2018 Marie-Hélène Pennestri da abokan aikinta a Kanada suka fitar da nasu, a wata 6 kusan kashi 38 na jariran ba sa yin awa 6 a jere, kashi 57 ba sa yin awa 8, a shekara ɗaya ma kusan kashi 28 ba su kai ga awa 6 a jere ba, kuma ba su ga alaƙa tsakanin wannan da ci gaban ƙwaƙwalwa ko na jikin yaran ba. To in ɗanki ɗan wata 7 yana farkawa sau biyu, yana cikin jama'a mai yawa.

Yanzu ga inda nake jin tsoro da wannan harka ta lissafin bacci, kuma ina roƙon a karanta nan da kyau. In mutum ya fara ƙirga awanni, zuciya tana fara son lambar ta ƙaru ko ta halin ƙaƙa. Za ki iya lura cewa in an kwantar da shi rub da ciki ya fi daɗewa, ko a kan filo mai laushi, ko a ƙirjinki kina kishingiɗe a kujera. Gaskiya ne ya fi daɗewa, kuma wannan nauyin baccin shi ne haɗarin, saboda saurin farkawar jariri kariya ce gare shi. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 aka fara gangamin wayar da kai a kan haka, kuma mutuwar farat ɗaya ta jarirai a cikin bacci ta ragu da fiye da rabi a shekarun da suka biyo baya. Har ya cika shekara ɗaya a rigingine ake kwantar da shi, dare da rana, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba ta karkace ba, babu filo babu tarin bargo babu 'yar tsana a kusa da fuskarsa, a ɗaki ɗaya tare da ke aƙalla wata 6 na farko, ba hayaƙin taba, ba tula masa kaya har ya yi ta gumi. In kina naɗe shi a zani ki daina da zarar ya fara alamar juyawa. Bacci da jariri a kan kujera mai laushi yana cikin mafi haɗari. Su kuma 'yan na'urorin da ake sayarwa na sa wa yaro a ƙafa wai suna bin numfashi, ƙungiyar likitocin nan ta ce kar a dogara da su a matsayin kariya. Maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa bacci kuwa kar a kuskura a ba jariri don ya yi bacci, wasunsu suna iya danne numfashin ƙaramin yaro.

Kuma littafi ba ya maye gurbin likita, sai dai ya taimaka masa. Jaririn makonnin farko da ke bacci har ya tsallake shan nono, ana tashinsa da ƙyar, famfas ɗinsa ba ya jiƙewa kamar sau 6 a rana bayan kwanakin farko, ko idonsa da fatarsa sun yi ɗorawa, wannan ba yaron kirki mai bacci ba ne, a kai shi a duba. Haka zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni ga wanda bai kai wata 3 ba, a tafi asibiti a take ko da tsakar dare ne. Ɗan tsayawar numfashi na daƙiƙa kaɗan ya ci gaba abu ne da aka saba gani a ƙananan jarirai, amma in ya kai daƙiƙa 20, ko leɓensa ya canza launi, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in yana jan numfashi, gaggawa ce. Minshari kullum da bacci baki buɗe, ko yaron da ke bacci lafiya ya koma ihu duk sanda aka kwantar da shi, ko amai mai yawa da rashin ƙaruwar nauyi, duk a faɗa wa likita, kuma ki tafi da littafin, zai rage masa tambayoyi da yawa.

Abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba sai da likitan ya ce na ƙara, shi ne layi na biyu na nawa baccin. Da na rubuta sai na ga a kwana 10 ban taɓa yin awa 3 a jere ba. Na ajiye littafin a gaban babanta ban ce komai ba, ya karanta, daga ranar ya karɓi farkon dare, ina ba ta nono na shiga na kwanta shi ya zauna da ita har sha biyu. Mutum yana jin "na gaji" kullum har ta zama ba ta shiga kunnensa, amma lamba a takarda tana shiga. In kuma kin ga ko yaro na bacci ke ba ki iya runtsawa, zuciyarki a cunkushe, ba ki jin daɗin komai fiye da sati biyu, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, ciwon damuwa bayan haihuwa gaskiya ne kuma ana maganinsa. Ranar da kuka ya kai ki maƙura kika ji hannunki na rawa, ki kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci ki fita ki sha iska na 'yan mintuna, girgiza jariri ko sau ɗaya ne yana iya lahanta ƙwaƙwalwarsa.

Shi kansa rubutun yana da ranar dainawa. In kin fara jin faɗuwar gaba don baccin rana ya gaza da minti 20, ko kina hana kowa motsi a gida, ko kin ƙi fita don kar lissafi ya ɓaci, to ya fara cin ki, ki rufe littafin. Ni a kwana na 16 na daina. Mun dawo da baccin yamma ya ƙare kafin 5:30, kwanciya ta koma wajen 8, zaman ƙarfe 3 ya ɓace, farkawa ta sauko daga huɗu zuwa biyu. Ɗaya daga cikin biyun ta tafi da kanta bayan 'yan watanni, ɗayar kuwa ta wajen ƙarfe 4 ta zauna har yarinyar ta wuce shekara, ta sha nono na minti 10 ta koma, ni ma na koma. Na sake buɗe littafin sau ɗaya lokacin da ta fara ƙin baccin safe, na yi sati ɗaya ina rubutawa, na ga ashe bacci ɗaya na tsakar rana take so yanzu, muka koma haka.